Darasi na 9: Rago da Kunkuru a Faranti

Ranar Sallah kowane gida cike yake da cincin da alawa da lemon kwalba, yara su yi ta ci har ciki ya ɓaci, amma ki yanka gwanda ki miƙa wa yaro sai ya kau da kai. Ni dai abin nan yana damuna sosai, shi yasa yau za mu koyi yanka kayan marmari su fito kamar dabbobi, don wallahi yaron da ya ƙi ayaba a hannu, in kika mai da ita ulun rago da kansa zai miƙo hannu.

In da hali ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a aika kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa hanyar Zariya, can ake sauke kaya, sari ya fi sayen ɗai-ɗai a baro sauƙi. Kankana ki ɗaga ki ji nauyi, ki duba gefen da ya kwanta a ƙasa, in ya yi ruwan ɗorawa to ta nuna. Kina dawowa ki wanke hannu da sabulu, ki wanke komai tun da ɓawonsa, har kankanar, saboda wuƙa ce take jan dattin waje ta shigar da shi ciki.

Mu fara da rago tunda shi ne na babbar Sallah. Ki yanka ayaba 2 ƙwaya-ƙwaya kamar kwabo, ki matsa musu lemon tsami kaɗan don kar su yi baƙi, sai ki juya su cikin gurzajjiyar kwakwa ki tara su a tsakiyar faranti, kin ga jiki ya samu fari tas kamar an wanke shi da omo. Kai kuma ki fere gwanda ki yanko mai ɗan tsini, ki sa ɓarin lemo 2 a gefe da gefe su lanƙwasa, ƙaho kenan. Dabino 2 ki cire ƙwallon ki raba kowanne biyu, ƙafa 4. Ido ɗan gutsuren dabino ya isa. Kar ki damu in ya fi kama da akuya, yara za su yi ta musu a kai suna ci, mu kuma cin muke so.

Kunkuru ba wuya, rabin lemo da aka ɓare a kifa shi, a yi kai da ƙafafu da ayaba, shikenan. Bushiya ce ta fi burge ni in lokacin mangwaro ya zo da zafi, ki yanko kunci ɗaya, ki tsattsaga naman gida-gida kar wuƙar ta huda fata, ki turo fatar daga baya da babban yatsa, sai ki ga ƙayoyi sun miƙe.

To yanzu dan Allah 'yan uwa ku saurara da kyau. Kar a sa tsinken sakace don riƙe komai. Na taɓa yin wannan kuskuren a gidan suna, ɗan ƙanwata ya gatsa, tsinken ya soke shi a dasashi, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Inabi kuwa in yaro bai kai shekara 5 ba a raba shi huɗu a tsaye, don a dunƙule yana iya toshe maƙogwaro, haka 'ya'yan lemo da na kankana duk a cire. Kuma zafin Kano kun san shi, abin da aka yanka kar ya wuce awa 2 a waje, in babu wuta a sa a cikin kula mai ƙanƙara, ko ki bari sai an sauko daga idi ki yanka.

Aikin gida: ki rubuta rago, kunkuru, bushiya, ayaba, kwakwa sau uku-uku a littafinki. Sannan in rago 1 ya ci ayaba 2 da dabino 2, yara 6 kowa da ragonsa, ayaba nawa za ki saya? Ki zo da amsar ranar Asabar, da wuƙarki da faranti.