Yadda ake farfaɗo da ƙofofin iska na IMRC a injin Mustang Cobra na 1996 zuwa 1998

Duk wanda ya taɓa tuƙa Mustang SVT Cobra ta 1996 zuwa 1998 mai cikakkiyar lafiya ya san wurin da take canza murya. Kana taka totur tana ja a hankali, da allurar juyin inji ta kai 3,250 sai ka ji kamar an buɗe mata wani maƙogwaro na biyu, ta miƙe har kusan 6,800 ba ta haki. Idan taka ta daina yin haka, kada ka yi saurin cewa tsufa ne ya kama inji. Sau da yawa ƙofofin iska ne, waɗanda Ford ke kira IMRC, suka cushe da dauɗa. Aikin yini guda ne ga mai haƙuri, kuma mafi yawansa wanki ne.

Injin nan V8 ne mai lita 4.6 da bawul 32, ƙarfin doki 305, da hannu aka harhaɗa shi a masana'antar Ford da ke Romeo a jihar Mishigan ta Amurka. Kowace silinda tana da bawul biyu na shigar iska, kowane bawul da hanyarsa daban a cikin top silinda, wato saman injin da bawul ke zaune a ciki. Tsakanin manifol, wato mazubin da ke raba wa silindodi iska, da top silinda akwai faranti guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane faranti yana da ramuka takwas: huɗu a buɗe suke kullum, huɗu kuma suna da 'yan ƙofofi masu juyawa a kan sanda guda. Ƙasa da juyi 3,250 a minti ƙofofin a rufe suke, iska ta matsu ta bi hanya ɗaya da gudu, ta shiga silinda tana murɗawa, ta gauraya da fetur sosai, shi ya sa motar ke da ƙarfin ja tun daga ƙasa. Da an wuce nan sai kwamfutar motar ta ba wani ɗan akwati mai moto umarni, shi kuma ya ja kebur biyu, ƙofofi takwas su buɗe lokaci guda.

Matsalar daga tsarin ta samo asali. Nozul yana fesa fetur ne a hanyar farko kaɗai, wato wadda ba ta da ƙofa, saboda haka ita kullum a wanke take. Hanya ta biyu kuwa babu mai wanke ta. Tururin baƙin mai da ke dawowa ta bawul ɗin PCV, mai kwashe tururin cikin inji, da hayaƙin salansa da tsarin EGR ke mayarwa cikin manifol su haɗu su kwanta a kan ƙofofin, shekara da shekaru, har su zama kamar kwalta. Motar da ake lallaɓawa, wadda ba a cika taka ta ba, ta fi saurin kamuwa, domin ƙofofinta sai su yi wata da watanni ba su motsa ba.

Kafin ka taɓa sifana

Fara da saka na'urar karanta lambobin matsala. P1518 na nufin ƙofofin sun maƙale a buɗe, P1519 kuma a rufe. Jikin motar ma yana faɗa: idan a buɗe suka maƙale, za ta yi nauyi wajen tashi kuma ta ƙara shan mai, idan a rufe ne, a gari lafiya lau take, amma da ka nemi gudu sai ta shaƙe. Ka sa wani ya zauna a ciki ya taka totur da ƙarfi ya wuce juyi 3,250, kai kuma ka haska tocila a ƙarshen sandunan inda kebur ya kama. Hannayen sandunan biyu su motsa tare, su dawo tare. Idan ɗaya ya motsa ɗaya ya tsaya, ka san gefen da ciwon yake. Idan duka biyun ba su motsa ba, zargi ya koma kan akwatin moto ko wayarsa.

Ka tanadi kaya kafin ka kwance komai, domin motar Amurka ce da aka daina ƙerawa tun tuni, ba kowane shago ke da kayanta ba, wasu sai an yi oda: gasket na sama da na ƙasan farantan, gasket na murfin manifol, zobban roba na nozul, 'yan robobin bakin kebur, gwangwanin maganin wanke totur kamar huɗu, buroshin nailan, abin kankara na roba, gam ɗin ɗaure zaren noti, makullin cire tiyon fetur irin na Ford, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Kwancewa

Inji ya huce sarai. Mataki na farko shi ne sauke matsin fetur. A cikin but, ta gefen hagu, akwai makunnin da ke yanke wutar famfon mai idan an yi hatsari. Cire soket ɗinsa, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta. Sannan ka cire kan batir na nagetif. Ka sa tsumma a kan ɗan bawul ɗin da ke jikin layin nozul ka danna, sauran matsin ya fita. Ba sigari, ba wuta a kusa.

Ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane tiyo da kowane soket, ka kuma liƙa musu salatif da lamba. Na san mutum zai ce zai tuna. Bayan awa shida da hannu cikin baƙin mai, ƙananan tiyon iska duk kama ɗaya suke yi.

Daga nan sai a bi daga sama zuwa ƙasa: ƙarfen da ya haɗa kawunan shokazoba idan motarka tana da shi, bututun iska, kebur ɗin totur, bututun EGR, murfin manifol mai hoton maciji. Notin bututun EGR yakan yi gardama saboda zafi da tsatsa, gara ka jiƙa shi da man sassauta noti tun daren jiya. Cire layin fetur da nozul ɗinsa, kwance notocin manifol na ƙasa daga gefe zuwa tsakiya. Kafin ka ɗaga shi, hura iska ko ka zuƙe duk yashin da ya taru a kewayen, kada ya zube cikin inji. Ka ɗaga a hankali, domin akwatin moton yana ƙarƙashin manifol ɗin kuma keburansa suna maƙale da farantan. Zare su da lallashi. Robar da ta shekara kusan talatin tana shan zafin inji ba ta da sauran juriya.

Da farantan sun fita, kafin ka sha ruwa ma, toshe ramuka goma sha shida na top silinda da tsumma mai tsabta, ka ƙirga su. Washa guda ɗaya ta faɗa ciki ba ka gani ba, to aikin yini ya koma sauke inji.

Wankin, wanda shi ne ainihin aikin

Rubuta dama da hagu a jikin farantan, da alamar gaba. Ranar da na fara buɗe irin wannan, na sa babban yatsa na tura hannun sandar, ko gezau. Ramukan farko fes suke, alminiyom yana ƙyalli, na kusa da su kuwa baƙi ƙirin, kunkunniya ta yi kauri har ba ka ganin kan sukurorin ƙofar. Da na kankara da roba sai ta riƙa fitowa a dunƙule, tana danƙo kamar ƙaron da ya sha rana. Gwangwani biyu suka ƙare a faranti ɗaya kafin sandar ta fara juyawa.

Ka kwantar da farantin a kan tire, ka fesa magani a cikin ramukan, ka ba shi minti goma ya ci, sannan buroshi. Maimaita har sai tsumma ya daina baƙi. Abu biyu ne zan roƙe ka. Kada ka sa buroshin ƙarfe ko sandfefa a bakin ramin da gefen ƙofar, domin nan ne take rufewa, idan ka cinye shi ba ya dawowa. Kuma kada ka tsoma farantin gaba ɗaya cikin bokitin magani ka tafi, domin a ƙarshen sandar akwai boris mai giris a ciki, maganin zai wanke giris ɗin ya bar shi a bushe.

Bayan ya bushe sai gwaji. Juya sandar da hannu: ta tafi sumul, sifirin ya dawo da ita da kansa har ka ji ƙas. Girgiza ta sama da ƙasa. Idan tana wasa, ko kana jin kamar yashi a cikin juyin, boris ya mutu, kuma iskar da ba a auna ba za ta riƙa satar hanya ta nan. Ɗaga farantin ka fuskanci rana da ƙofofin a rufe. Siririn haske daidai wa daida a kewayen kowace ƙofa ba laifi ba ne. Wadda ta bar gibi a gefe guda ta lanƙwashe ko ta goce.

A nan ne ake yanke shawarar ko za a zare sandar. Ni ra'ayina, idan boris lafiya yake, kada ka taɓa sukurorin ƙofofin. An daddaƙe gindinsu ne tun daga masana'anta don kada su kwance, saboda duk wanda ya kwance, cikin silinda zai nufa. Idan kuwa dole ce ta sa, to ka goge daddaƙaƙƙen gindin da fayil tukuna, in ba haka ba zai yage zaren sandar wajen fita. Sa wa kowace ƙofa lamba da alamar fuskarta, domin gefenta a karkace aka yanka shi, idan ka juya ta ba za ta rufe ba. Fitar da tsohon boris, ka karanta lambar jikinsa ko ka auna shi, ka nemo irinsa mai rufi. Wajen mayarwa, ɗaura sukurorin sako-sako, rufe sandar ƙofofin su zauna da kansu a tsakiyar ramukansu, sannan ka cire sukurori ɗaya bayan ɗaya ka sa gam ka ɗaure. Sababbin sukurori sun fi, kuma a sake daddaƙe gindinsu tare da tokare sandar don kada ta lanƙwashe.

Leƙa hanyoyi na biyu a cikin top silinda, za ka tarar bayan bawul ɗin ma ya yi gemu. Ana iya rage shi, amma sai bawul ɗin wannan silindar yana rufe. Juya injin da hannu ta notin fulin gaba, ta hannun agogo, har ya rufe, ka kankara, ka zuƙe, ka goge, sannan ka wuce na gaba.

Akwatin moto da kebur

Ja kowane kebur ka ji ko yana tafiya ba tare da kamewa ba, ka duba ko silin wayarsa ya fara tsinkewa. Robar bakin kebur idan ta tsage a canza ta, ko da ba ta rabu ba. Duba soket ko ya yi kore. Akwatin da ya daɗe yana kokawa da ƙofofin da suka maƙale yakan gaji, haƙoran cikinsa su cinye ko dalmar allon lantarkinsa ta tsage. Mai gyaran rediyo da ya iya hannunsa zai iya sabunta dalmar.

Za ka ji masu cewa a cire ƙofofin gaba ɗaya a huta. Ga motar tsere da ke rayuwa a saman juyi, kuma aka sake mata lissafin kwamfuta, suna da hujja. Ga motar titi ban yarda ba. Kwamfutar tana daidaita lokacin tartsatsin fulogi ne bisa ko ƙofofin a rufe suke ko a buɗe, idan ka cire su ba ka gaya mata ba, ka rasa ƙarfin ƙasa, fitilar gargaɗi kuma tana iya kamawa ta ƙi mutuwa. Ford da kanta ba cire su kawai ta yi ba a Cobra ta 1999, sai da ta sake fasalin top silinda ɗin ɗungurungum.

Mayarwa

Goge fuskokin da gasket zai zauna har su bushe. Cire tsummokaran, ka ƙirga goma sha shida. Sabon gasket, faranti, sabon gasket, sannan ka maƙala keburan ka tabbatar ba su naɗe ba, kuma ƙofofin sun rufe ruf ba tare da kebur ya ɗan riƙe su ba. Ɗora manifol, ka fara kowane noti da yatsa. Ɗaurin daga tsakiya yake farawa ya fita gefe, ana tsallakawa dama da hagu, a zagaye biyu, bisa adadin da littafin gyara na Ford ya bayar. Ƙananan notoci ne a cikin alminiyom, ƙarfin damtse ba ya da amfani a nan. Shafa wa sababbin zobban nozul ɗan baƙin mai mai tsabta kafin ka tura su. Tunda kana wurin, canza bawul ɗin PCV, yana cikin masu kawo dauɗar.

Mayar da soket ɗin famfo da kan batir. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, sau uku, ka bi layin fetur da ido da hanci. Idan babu yoyo, tayar. Za ta ɗan yi hayaƙi da rawar jiki a tsaye na 'yan mintoci kafin kwamfuta ta sake koyon zamanta. Saurari ko akwai shewar iska a gefen farantan, sake gwajin tocila, goge tsofaffin lambobin matsala. Idan magani ya gangara cikin silinda lokacin wanki, juye baƙin mai ka zuba sabo.

Sai ta yi zafi sosai za ka fita da ita hanyar da babu jama'a. Sa giya ta biyu, fara daga juyi 2,000, taka totur har ƙasa, ka sa kunne daidai lokacin da allura ke haye 3,250. Daga ranar, ko sau ɗaya a mako, ka riƙa kai ta wannan wurin ƙofofin su motsa.