Yadda ake nemo ikweshan na layin da ya ratsa wani a kusurwa 90

Wannan tambaya tana yawan fitowa a lissafin WAEC da NECO, kuma ɗaliban da ke zuwa darasin yamma a Unguwar Rogo ta Jos a wuri guda suke tuntuɓe: alamar ragi.

Ɗauki misali: layi 3x + 2y = 6, ana son wanda zai ratsa shi a tsaye, kamar bango a kan daɓe, ya bi ta ɗigon (3, 4).

1. Ka ware y ita kaɗai a gefe guda: y = (−3/2)x + 3. Lambar da ke manne da x ita ce gangarar layin, wato −3/2. Kada ka tsinci 3 ɗin farko ka ce ita ce, ba a gyara ikweshan ɗin ba tukuna.

2. Ka kifar da gangarar, na sama ya koma ƙasa, sannan ka sauya alama. −3/2 ta zama 2/3. Dalili kuwa, gangara biyun in aka ninka su dole su ba da −1. Gwada ka gani.

3. Sabuwar gangarar ita ce m, ɗigon (3, 4) kuma shi ne (x₁, y₁). Ka zuba cikin y − y₁ = m(x − x₁): y − 4 = 2/3(x − 3).

4. Ninka ko'ina da 3, ka tattara: 2x − 3y + 6 = 0.

5. Sa 3 da 4 a ciki: 6 − 12 + 6 = 0. Ya yi daidai.

In layin kwance ne, kamar y = 5, gangararsa sifiri ce, ba ta kifuwa. Tunda ta ɗigon (3, 4) za a bi, amsa kawai x = 3.