Yadda Ake Zagaya Landan Bisa Sawun Littattafan Leƙen Asiri

Wuraren da marubutan labaran leƙen asiri suka yi suna da su a Landan, yawancinsu ba su da wani abin kallo. Mahaɗar tituna ce, ko lungu, ko tsohon ofis. Wanda bai karanta littafin ba zai wuce su bai ko waiwaya ba. Don haka aikin daga gida yake farawa.

Da farko, ka zaɓi marubuci ɗaya. Ni dai John le Carré zan ce ka ɗauka, domin ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya, MI5 ta cikin gida da MI6 ta ƙetare, kafin ya koma rubutu gadan-gadan, kuma ya san garin ciki da waje. Ka karanta Tinker Tailor Soldier Spy na 1974 da biro a hannu, duk sunan titi da ka ci karo da shi ka rubuta.

Sai tacewa, kuma nan ne mutane ke tafka kuskure. Ka duba kowane suna a taswirar waya. Wani wurin akwai shi kuma 'yan leƙen asiri sun zauna a ciki da gaske, wani akwai shi amma aro marubucin ya yi, wani kuwa babu shi sam. Le Carré ya ɗora hedikwatar hukumarsa a Cambridge Circus, inda titin Shaftesbury ya haɗu da Charing Cross, shi ya sa ma ake ce mata Circus a littattafansa. Amma MI6 ba ta taɓa zama a can ba. A gida mai lamba 54 a titin Broadway take har 1964, sannan ta koma Century House a Lambeth, doguwar bene da gidan mai a gindinta, ta zauna har 1994.

Na uku, ka tsara hanya da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Katin banki na taɓawa ko katin Oyster na sufurin Landan ya wadatar. Ka sauka a tashar Leicester Square, ka taka zuwa Cambridge Circus, ka tsaya gaban gidan wasan kwaikwayo na Palace, ka ɗaga kai ka dubi ƙananan tagogin saman tsofaffin gine-ginen jan bulo. Hayaniyar bas da masu yawon buɗe ido ta cika ƙasa, amma can sama shiru. Daga nan ka nufi tashar St James's Park, ofishin Broadway na nan kusa da bakinta.

Tasha biyu gaba sai Sloane Square. Ka bi titin King's Road a ƙasa har ka ga Bywater, lungun da ba ya ɓullewa, gidajensa a manne da juna, kowanne da launin fentinsa. Nan le Carré ya ajiye George Smiley, jigon Tinker Tailor Soldier Spy, gajeren mutumin nan mai goge tabarau da bakin laktayensa. Gidajen mutane ne masu zaman kansu, saboda haka kada ka ƙwanƙwasa ƙofa, kada ka leƙa taga. Ka shiga, ka kai ƙarshe, ka juyo.

Sabon ginin MI6 da ke Vauxhall, a ganina, kallon minti biyar daga kan gada ya ishe shi. Na finafinai ne, tsofaffin littattafan sun girme shi.

In kana da rana ta biyu, ka ba Greenwich. A watan Fabrairun 1894 bam ya tashi a hannun wani Bafaranshe, Martial Bourdin, a dandalin da ke kusa da gidan nazarin taurari, ya kuma yi ajalinsa. Wannan abu ne Joseph Conrad ya gina The Secret Agent a kansa a 1907. Ka hau tudun da ƙafa, za ka ga yadda hanyar take da gangare.

Ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka riƙe lema. In kuma a Disamba ka je, ka fita da sassafe, domin kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.