Yadda za ka bi sawun 'ya'yan kifi a mahaɗar kogi da teku

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi. A wajenmu ko yaro ya san cewa idan ruwa ya hau ya malale fadama, tarwaɗa da karfasa za su shiga ciyawa su zuba ƙwai. Da wannan sanin na sauka tafkin Legas don ƙidayar 'ya'yan kifi, sai da na ɓata wata uku kafin na gane cewa a can gishiri ne ke da magana.

Saboda haka kafin ka jiƙa koma, fara auna gishirin ruwan. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, kogin Ogun yakan yi rauni, teku ya kutso ta bakin tashar jiragen ruwa, tafkin ya yi zartsi. Damina na kankama, a Yuni da Yuli, sannan kuma Satumba da Oktoba, sai ruwan kogi ya kore gishirin, har wani wurin ka kurɓa ka ji kamar na randa. Akwai ɗan ma'auni na hannu, ka ɗiga ruwa a gilashinsa ka leƙa. In babu, dubi ciyawar nan mai shawagi da ke toshe hanyar kwalekwale: in ta yi kore shar tana cika ruwa, gishiri ya yi ƙasa, in ta fara ruɓewa tana baƙi, teku ya dawo.

Abin da ya sa wannan ya dame ka, kifayen teku da yawa a waje suke zuba ƙwai, 'ya'yan su shigo mahaɗa neman abinci da mafaka. Ni dai da rani na fi samun dangin bonga, wani kifin ruwan gishiri, a kwalbata. Da damina kuwa sai na ruwan daɗi su karɓi fili.

Komar da za ka ja ba irin ta masunta ba ce. Ƙyalle ne mai ido rabin milimita, an ɗinka shi kamar mazurari, da kwalba ɗaure a gindinsa. Ka sa mai jirgi ya tafi a hankali, kamar tafiyar mutum a ƙasa, minti 10 cif, sannan ka ɗago ka wanke jikin ƙyallen daga waje don komai ya gangara cikin kwalba.

Ga inda na yi asarar wata ukun nan. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana, kuma kullum lokacin yana jinkiri da kusan minti 50. Ni kuwa ƙarfe sha biyun rana nake fita, ko yana cikowa ko yana janyewa. Yau kwalba cike, wani makon wayam, na zaci yanayi ne ya sauya. Ashe 'ya'yan kifin wayo gare su: ruwa na shigowa su taso sama ya ɗauke su zuwa ciki, yana komawa su lafe a ƙasa. Wani tsohon masunci ne ya tambaye ni, “Malam, yau kwana nawa ga wata?” Na rasa amsa, ya yi dariya. Tun daga nan nake fita da cikowa kaɗai, a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lokacin da cikowar ta fi ƙarfi. In da hali ka ƙara fita da dare, don da rana masu ɗan girman suna hango komar su kauce.

Abin da ka kama, zuba masa fomalin, maganin hana ruɓewa, kashi 5 cikin 100, ka kiyaye idonka da hancinka. Da fensir za ka rubuta kwanan wata, wuri da yawan gishiri a 'yar takarda ka jefa cikin kwalbar. Biro narkewa yake. A gida ka juye kaɗan-kaɗan a faranti, ka duba da madubin ƙara girma. Da ransu jikinsu garai yake kamar gilashi, a fomalin kuwa yakan yi fari, ɗigon ido biyu baƙaƙe za ka fara gani. Ka yi haka wata 12 a jere a wuri guda.

Kada ka yi mamaki in ba ka taɓa ganin jariran karfasar nan mai baƙin haɓa ba, alhali ta cika tafkin. Namijin ne ke riƙe ƙwai da 'ya'yan a bakinsa, sai sun yi ƙwari yake sakinsu a bakin gaɓa.