Darasi na 7: Ƙungiyar Iyaye da Littafin Amana

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo yana iya zuwa da sabon kwano, amma idan bai tambayi mai ɗakin ba, sai ya buga shi inda ruwa bai taɓa zuba ba. Uwar da ta kwana zaune da yaro mai zazzaɓi, da uban da ya san abin da kuɗin mota ke ci kullum kafin yaro ya isa makaranta a Legas, su suka san inda gidan ke yoyo. Darasinmu na yau a kan iyaye ne da suka haɗa kai don taimakon gidajen unguwarsu, da kuma littafin da ke riƙe wannan haɗin kai.

Adashi daban, ƙungiya daban

Kowa a ajin nan ya san adashi. Ana zubi, ana kwasa. Abin da kika zuba naki ne, zai dawo hannunki ranar kwasarki. Kuɗin ƙungiyar sa-kai ba haka yake ba. Idan ka ba da naira 500, ta bar aljihunka ke nan, ta zama ta aikin da aka taru dominsa. Ya fi kama da gayya irin ta gida, inda samari ke taruwa su nome gonar tsoho, a ci tuwo a watse, babu mai jiran kason hatsi da kaka.

In an ce ƙungiya ba ta neman riba, ba ana nufin an hana ta samun kuɗi ba ne. Tana iya sayen kujeru da rumfa ta riƙa ba da haya ranar suna ko biki. Tana iya biyan malamin da ke yi wa yara darasin yamma, domin ladan guminsa ne. Abin da ba ya halatta shi ne a zo gab da Sallah a ce, "An samu rara, a raba mana." Rarar ta yara ce da gidajen da ake taimako. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ma haka ta tanada ga ƙungiyoyi masu rajista: dukiyarsu a kan manufarsu kaɗai ake kashe ta, ba a raba wa mambobi.

Abin da ya faru da gwangwanin madara

Shekarun baya an kira ni sulhu a wani layi kusa da titin jirgi a Agege. Matan layin sun haɗa asusu don marayu da masu haihuwa. Ma'ajinsu wata dattijuwa ce mai sayar da fura, wadda ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Kuɗin yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta, lissafin kuma yana cikin kanta.

Ranar taro aka juye gwangwani a kan tabarma, aka ƙirga, naira 15,000. Sai wata matashiya ta ce, "Inna, don Allah ki gafarce ni, ba zarginki nake yi ba, amma a lissafina 20,000 ya kamata a gani."

Tsohuwa ta dube ta, ta ce, "'Yar nan, ni da na ga jikoki, kuɗin marayu zan ci?" Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Sai bayan kwana biyu ta tuna. Wani dare an buga mata ƙofa, wata maƙwabciya na naƙuda, ta zaro 5,000 aka ɗauki keke Napep zuwa asibiti. Mai jegon kuwa tuni ta tafi Arewa wankan gida, babu mai ba da shaida. Ba wanda ya ci ko kwabo. Duk da haka mata uku suka daina zubi, Inna kuma ta mayar da gwangwani ta ce a nemi wata. Layi ɗaya na rubutu, wanda yanzu kowannenku zai iya yi, da ya hana wannan hawaye.

Yadda ake tsara littafin

A sami littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, a sa wa shafukansa lamba tun daga farko har ƙarshe, don in an yage ɗaya a gane. A ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, shafi ya rabu gida biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Ga misali, a ce mambobi 24 ne, kowa na zuba naira 500 a wata:

1 ga wata. Saura daga watan jiya: 8,500
3 ga wata. Zubin mambobi 24. Shiga: 12,000. Saura: 20,500
9 ga wata. Hayar kujeru. Shiga: 6,000. Saura: 26,500
15 ga wata. Littattafan rubutu na yara. Fita: 9,000. Saura: 17,500
22 ga wata. Kuɗin mota zuwa asibiti, gida na 3. Fita: 4,000. Saura: 13,500

A rubuta a ranar da abin ya faru, ko da tsakar dare ne. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. Kada kuɗi ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, wanda bai gama koyon sa hannu ba ya dangwala yatsa. Rasit kuma a manna shi a bayan littafi. In mai kaya ba ya ba da rasit, kamar yawancin masu tebur a kasuwa, wanda aka aika ya rubuta abin da ya saya da kuɗinsa a 'yar takarda. Ranar taro sakatare ya karanta shafin da ƙarfi, a ƙirga kuɗin a gaban kowa. Ma'aji na kirki ba ya jin haushin ƙirga, domin shi ake wankewa.

Ku sake duba layin ƙarshe na misalin. An rubuta "gida na 3", ba a rubuta sunan kowa ba. Da gangan ne. Kuɗin ƙungiya a fili yake, amma buƙatar mutum sirri ce. Magidancin da aka kama babur ɗinsa bayan gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ya fi son ya kwana da yunwa da a karanta sunansa a taro a ce an ba shi mudun shinkafa. Sunayen gidajen suna cikin wani ƙaramin littafi dabam, mutum uku kaɗai ke ganinsa. Kuma a kai taimako bayan magariba, a cikin leda baƙa, ba tare da rakiyar yara ba. Ni dai ban yarda da taimakon da sai an ɗauki hoton mai karɓa an watsa a WhatsApp ba, ko daga hannun wa ya fito.

Wa zai ja gaba?

A nan ake yawan kuskure. Da an tashi zaɓe sai ido ya koma kan Alhajin da ke da motocin tumatir a kasuwar Mile 12. A girmama shi, a naɗa shi uban ƙungiya, a nemi shawararsa da aljihunsa. Amma kujerar shugaba ta wanda ɗansa ke cikin makarantar ce, wanda ya ga ajin da ruwa ke shiga da damina. Mai shayi yana iya shugabanci, mai yankan farce ma haka. A yanka wa'adi, misali shekara 2, don kujera kada ta zama gado. Mata kuma su kasance cikin shugabanni. A sa taro lokacin da za su iya fitowa, ba lokacin ɗora tukunya ba, in kuwa ba a zama a haɗe, su yi nasu zaman su aiko da wakilai biyu da abin da suka yanke a rubuce.

Aikin shugabannin ba tara kuɗi kaɗai ba ne. Da yawa daga abin da gidajenmu ke buƙata haƙƙinsu ne tun asali, rashin mai bin sawu ne ke hana su samu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Ba ta ware ɗan baƙo ba. Makarantun suna da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda iyaye da mutanen unguwa ke zama a ciki tare da hedimasta. Iyayenmu sukan ƙi zuwa taron makaranta don da Turanci ko Yarbanci ake magana. To, a tafi mutum biyu, ɗaya mai jin Yarbanci ko buroka, ɗaya mai biro da takarda. Yaranmu da aka haifa a Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago suna jin Yarbanci kamar jakin Kano da Hausa, don haka tafinta ba ya wuya.

Haka batun riga-kafi. A asibitin sha-ka-tafi na gwamnati ana yi wa jariri allura ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sannan ta ƙyanda a wata 9. Mace ɗaya a ƙungiya ta riƙe jerin jariran layin, ta riƙa leƙawa tana cewa, "Yaya, jibi fa ranar allurar yaronki ce." Ita ce kuma za ta tuna wa iyaye su karɓi takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, tun kafin ranar da makaranta za ta tambaya.

Wata rana wata babbar ƙungiya za ta zo da mota da kwalaye. A yi musu maraba, a ba su wurin zama, sannan a tambaye su: me kuka kawo, wa ya ce shi muke buƙata, kuma bayan kun tafi wa zai ci gaba? Masu aikin gaskiya suna murna da irin wannan tambaya.

Rajista kuwa kada a yi gaggawarta. Ana yin ta a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, a zaɓi amintattu, a rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Tana cin kuɗi. Sai littafinku ya yi shekara yana tafiya daidai, kuma kuɗin ya fi ƙarfin gwangwani har ana buƙatar asusun banki da sunan ƙungiya, sannan a yi maganarta. Kafin nan, ku sanar da Sarkin Hausawan unguwarku da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa (CDA) na layinku, don a san da zamanku.

Aiki

1. Ku ja gida biyar a littafinku, ku kwafe misalin da ke sama.
2. Ranar 27 ga wata uban ƙungiya ya ba da gudummawar naira 10,000. Ranar 29 aka sayi takalman makaranta na 7,500 don gida na 5. Ku rubuta layukan biyu. Nawa ne saura?
3. Ku zauna bibbiyu, ɗaya ya zama sakatare ya karanta shafin da ƙarfi, ɗayan ya yi masa tambaya a kan layi ɗaya.
4. Ku rubuta jimla uku a kan abin da ya fi damun yaran layinku. Kada ku ambaci sunan kowa. Ku zo da ita aji ranar Asabar.