Kurakuran da Sababbin Mawaƙa Ke Yi da Ƙirƙirarriyar Basira

Na gaji da ganin matasa suna shigowa sutudiyo da kiɗan da manhaja ta haɗa musu cikin minti ɗaya, suna zaton sun mallaki abin sayarwa. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rashin karanta sharuɗɗan manhajar. A manhajar haɗa waƙa ta Suno, alal misali, ba a yarda a yi kasuwanci da waƙar da aka haɗa da asusun kyauta ba, sai wanda yake biyan kuɗin wata ne ke da wannan izini. Wani yaro ya taɓa kawo mini kiɗa yana rantsuwa cewa shi ya buga, muka ɗora murya, muka sallami 'yan amshi, muka ɗauki bidiyo, sannan kamfanin da ke rarraba mana waƙoƙi ya nemi shaidar mallaka. Aikin ya tsaya cak, asarar kuwa a kaina ta faɗo. Tun daga lokacin ba na karɓar kiɗa sai mai shi ya buɗe mini aikin a kwamfutarsa na ga yadda ya jera shi. Ko ka biya kuɗin manhajar ma kada ka saki jiki, domin a Janairun 2025 ofishin kula da haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa rubuta wa na'ura umarni kaɗai ba ya mayar da mutum mawallafin abin da ta fitar. Saboda haka rubuta baitocinka da hannunka, rera da bakinka, kuma ka adana shaidar kowane mataki.

Na biyu ya fi ɓata mini rai, wato satar murya. Ka ɗauki muryar mawaƙin da ya shekara talatin yana gina sunansa, ko ta marigayin da iyalansa ke nan da rai, ka sa ta yabi ɗan siyasar da bai taɓa yaba ba, sannan ka ce wasa kake yi? Wannan cin amana ne, kuma duniya ta fara hukunta shi. A Afrilun 2023 an sauke waƙar da ta kwaikwayi muryoyin mawaƙa Drake da The Weeknd daga Spotify da YouTube bayan ƙorafin kamfanin waƙoƙi na Universal, kuma a 2024 jihar Tennessee ta Amurka ta kafa dokar da ta kare muryar mutum daga irin wannan kwaikwayo. Ƙa'idata ita ce rubutaccen izini daga mai muryar ko magadansa, tare da kason da za su samu. In babu, ba a sutudiyona ba.

Sauraron bogi, wato sa na'urori su yi ta kunna waƙarka a intanet don a biya ka kuɗin sauraro, wauta ce: a Satumbar 2024 an gurfanar da wani Ba'amurke, Michael Smith, bisa zargin samun sama da dala miliyan 10 ta wannan hanya da waƙoƙin na'ura.

Kada ka saki waƙar Hausa da na'ura ta rera ba tare da ka saurare ta kalma bayan kalma ba, domin takan karya karin sauti ta mayar da ƙ ta zama k. Kada ka ɓoye wa mai biki cewa na'ura ce ta yi kiɗan, kana karɓar kuɗin makaɗa. In kuma waƙar tana bukatar kalangu ko gurmi, kira mai bugawa ka biya shi, ka rubuta sunansa a jikin waƙar.