Yadda na gyara sautin jitata bayan na ɗora kafo

Duk sanda na maƙala kafo (maƙalin da ke danne tsirkiyoyi a wuyan jita) a firet na 3 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan), sai sauti ya hau ya wuce daidai, musamman a tsirkiya mafi kauri. Na daɗe ina zargin jitar, ashe kafon ne. Sifirinsa yana matse tsirkiyoyi fiye da kima, yana miƙar da su.

Sai na koma irin wanda ake daidaita matsinsa da sukuru, kamar na kamfanin Shubb. Na duba lanƙwasar robarsa ta dace da ta wuyan jitata. Kafon jitar kilasik (mai tsirkiyar nailan) a shimfiɗe yake, ba zai zauna a kan tawa ba. Yanzu ina ajiye shi dab da bayan ƙarfen firet, in ɗaure a hankali har zizar tsirkiya ta ɗauke, in tsaya nan.